Shekarar da Baba Ya Jira Baƙin Ruwa

Akwai wata magana da kuka tashi da ita a gidan nan, har ran nan na ji 'yar'uwarku Hadiza tana faɗa wa ɗanta: wai kakanku Hamidu mai fito shi ya hana ni zuwa Dakar karatun likita, don ba ya son boko. Ina kwance a tabarma na ji ta, na yi kamar barci nake. Ban ga laifinta ba, duk Gaya haka aka sani, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ƙaryata ba. To amma yanzu idona ya fara yi mini rowa, hannun ma sai na lallashe shi kafin ya riƙe alƙalami, waɗanda suka san yadda abin ya faru kuma duk sun riga ni gaba. In na bi su bakina a rufe, shi ke nan maganar ta zauna. Saboda haka ku karanta, kuma kada wanda ya tsallake layi, na san halinku.

Ku kun buɗe ido kun tarar da gada, kuna tsallakawa zuwa Malanbil sayen omo da ƙafa kamar za ku bayan gida. A zamanin da nake ba ku labari, wanda duk zai ƙetare gulbi sai ya bi ta hannun masu fito. Nasara suna da nasu jirgin fito mai inji da ake kira bak, amma motoci yake ɗauka da manyan mutane. Talaka da jakinsa da kayansa, namu ne. Jirgin Baba na maɗaci ne, shi ne babba a duk mashigin, kakanmu ya sa aka sassaƙa shi. Da shi ake ci, da shi ake biyan lanho, wato haraji, da shi aka yi wa yayana Sumana aure. Manyan baƙinmu kuwa su ne masu gishirin Bana. Da rani suke dafa gishirinsu a fadamar Foga, su naɗe shi cikin kaba, su ɗoro wa jakuna su nufo kasuwar ƙetare. Gishiri ba ya shiri da ruwa, in jirgi ya ɗan sha, wahalar mutum ta wata guda ta narke a gaban idonsa. Don haka ba kowane jirgi suke shiga ba. Tun zamanin kakanmu gidanmu suke sauka, su kwana a zaurenmu, Inna ta dama musu fura, da safe Baba ya fitar da su. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, kuma ba a taɓa saɓa shi ba.

Sai kun san wani abu game da gulbin nan kafin ku gane sauran. Sau biyu yake cika a shekara. Da damina jan ruwa ke zuwa, na ruwan saman ƙasarmu, mai laka. Sai a tsakiyar rani, sama tangaran babu ko ɗigo, wani ruwan ya taso daga ƙasashe masu nisa, mai duhu, mai sanyi, ya cika gulbi har ya fi na damina. Shi ake kira baƙin ruwa. Baba yakan faɗi girman da zai yi tun kafin ya iso, daga launin jan ruwa da inda kifi ya kwanta, kuma ban taɓa ganin ya kuskure ba sai in ba a tambaye shi ba. Mutanen gari har shawara suke zuwa nema wurinsa kafin su shuka a bakin gaɓa.

Ni kuwa an kama ni lakwal, wato makarantar boko, tun ina ƙarami, daga Gaya aka tura ni Dosso, daga can Yamai. Shekarar da na gama na dawo gida da farkon damina, na tarar da ginshiƙan siminti a tsaye cikin gulbi, daga gaɓarmu har kusan tsakiya, leburori na ta kai da kawowa a kan katakai. Ban daɗe da dawowa ba Mushe Anani ya zo gidanmu, Mushe muke ce wa malaman lakwal da Faransanci. Shi ne malamina na farko, mutumin Dahome, siriri mai tabarau, ya daɗe a Gaya har Hausa ta kama bakinsa, ko da yake ba ta zauna daidai ba. Ya zauna a zaure ya cire hula, ya ce an ba ni wuri a babbar makarantar gwamnati da ke Dakar, karatun likita. Baba ya yi kabbara, Inna ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Mushe ya bari suka gama, sannan ya ɗaga hannu.

"Baba Hamidu, murna akwai, amma magana akwai. Rabin bursi ne an ba shi. Gwamnati ta biya karatu. Sauran, kai ne."

"Sauran mi ke nan, Mushe?"

"Hanya. Mota har Faraku, jirgin ƙasa har Kwatano, jirgin teku har Dakar. Kaya, takalmi, littafi. Ɗaki da abinci. Yaron Senegal ya tashi lakwal ya koma gidan ubansa ya ci. Garba baƙo ne, ko ruwa ya sha sai ya biya. Kuma ba shekara ɗaya ba ce, ba biyu ba."

Baba ya shiga murza gemu. Ni dai kunya ta kama ni, don a ranar na fara gane cewa cin jarrabawata kaya ne na ɗauko wa gidanmu. Duk abin da Mushe ya lissafa na san babu shi a ɗakin Baba. Abin da muke da shi guda ne, yana can ɗaure a mashigi.

Kamar an aika a kira shi, a cikin makon sai ga wani Alhaji Tanko daga Yawuri, can ƙasar Ingilishi, yana neman babban jirgi na dakon hatsi. Ya zaga mashigi, ya ƙwanƙwasa wannan ya leƙa wancan, ya tsaya a kan namu. Tayin da ya yi, Mushe da ya ji ya ce zai kai ni Dakar ya riƙe ni shekarun farko in na iya tattali, daga nan kuma mai ƙoƙari yakan samu cikakken bursi. Baba ya ce wa Alhaji ya ba shi kwana biyu.

Washegari bayan la'asar muka zauna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Inna na gefe tana tsince shinkafa. Sumana ne ya fara magana. Shi ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "Babba". Tun yana yaro yake riƙe gora a bayan jirgi, kafaɗunsa duk kanta, bai taɓa shiga aji ba.

"Baba, a saida. Gadar ga in anka gama ta, fito ya mutu. Amma in an saida, a shiga tarayyar kamiyo, motar dakon kaya, da su Alhaji Mamman masu sufuri. Ni in bi mota in koyi tuƙi, gida shi samu abin ci. Garba ya yi karatu ya isa, ko yau ya je biron gwamnati ana ɗaukar shi akawu."

Na ji zafin maganar, na ce likita ba akawu ba ne, in na gama ni zan riƙe gidan gaba ɗaya. Sumana ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, da ma da fushin ne.

"Kahin ka gama, mi za mu ci? Ni da ka gani, tun kana ɗaukar allo nike cikin ruwa. Ban taɓa cewa komi ba. Yanzu jirgin ma a ba ka?"

Gaskiya ya faɗa. Ni ma gaskiya na faɗa. Jirgi guda ne, 'ya'ya biyu, kuma duk wanda aka ba, an hana ɗayan. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago, na ga fuskarsa ta saki kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata.

"Mi kuke ci na baka na zuba? Kun ga jan ruwan bana? Rabon da in ga irin shi tun ina saurayi. Baƙin ruwan da ke bayan shi, wallahi sai ya kwashe katakan ga nasu duka, su koma su fara sabon lale. Gadar ga ba ta ƙarewa bana, ba ta ƙarewa baɗi. Mu yi fiton rani guda, mai kyau. Abin da munka samu na Babba ne, shi shiga motarshi. In rani ya wuce a kira Alhaji a saida jirgi, wannan na Garba ne. Kowa ya samu, ba a zalunci kowa ba."

Inna ta ajiye faifai. Ita Badendiya ce, ba ta cika magana a gaban maza ba, amma ranar ta yi.

"Maigida, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Mai saye na ƙofa."

"To masu gishiri fa? Su taso daga Bana da jakunansu, su iske na saida jirgi ban ko gaya musu ba? In ce musu mi? Ubana bai taɓa barin su a gaɓa ba, ba ni zan fara ba."

Nan maganar ta tsaya. Ku lura da kyau, don wannan ne dalilin rubutun nan: babu inda mutumin nan ya ce kada in tafi. So yake in tafi ba tare da na taka wuyan yayana ba, kuma ba tare da ya ci amanar baƙinsa ba. Ya dogara da abu guda da ya sani fiye da kowa a garin. Alhaji Tanko ya yi murmushi da aka faɗa masa, ya ce Allah ya kai mu, ya sayi wani jirgi ƙarami ya tafi. Mushe ya girgiza kai, ya ce zai roƙa a ajiye mini wurin zuwa baɗi, amma bai yi alkawari ba.

Da kaka, wani abokin karatuna ɗan Dosso ya biyo zai tafi Dakar, da akwatinsa na ƙarfe sabo fil. A jirginmu ya ƙetare, ni na riƙe masa akwatin kada ya jiƙe. Baba ya ƙi karɓar kuɗin fitonsa. Da muka sauke shi a Malanbil ya ce zai kama mini gado kusa da nasa, na yi dariya na ce ya zaɓi wanda babu kuɗin cizo. Da muka juyo ban iya haɗa ido da kowa ba, na yi ta kwarfar ruwan da babu shi a cikin jirgi.

Daga ranar na zama ɗan fito. Hannuwana suka yi ƙuraje suka fashe suka warke. A shekarar ce Baba ya sa mini suna Likita. Ba ya kira na da wani suna sai shi, kuma ya fi son kiran a gaban mutane. Jirgi na tsakiyar gulbi cike da fasinja zai ɗaga murya ya ce, "Likita, kama igiyar can," sannan ya juya ga wanda ke kusa ya ce baɗi war haka ina Dakar, su yi ta kallona tun yanzu kyauta. In tsohuwa ta yi tari sai ya ce ta yi haƙuri ta riƙe tarin har in dawo. Mutane su yi dariya, ni in sunkuyar da kai, amma daɗi nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Baƙin ruwa ya zo kamar yadda ya faɗa, bai kuskure ba ko kaɗan. Ya cika har ya shiga gonakin albasa, ya haura inda tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin ya kai ba. Kullum da safe Baba zai tsaya a gaɓa, hannu a goshi, yana duban gada. Ruwa ya ɗauke wasu katakai, ya tafi da wani kwale-kwalen leburori da ba kowa ciki, Baba ya dawo gida yana cewa an fara. Sai dai abin da bai sani ba, kuma babu mai fito a Gaya da ya sani, aikin da ke cikin ruwa an riga an gama shi tun kafin ruwan ya zo. Wanda ya rage na sama ne, shi kuwa cikar gulbi ba ta hana shi. Ruwa na gudu a ƙasa, su suna ta shimfiɗa ƙarfe a bisa. Na gane haka kafin Baba, don na iya Faransanci kuma na ji masu aikin suna hira. Na faɗa masa. Ya ce in jira, ruwan bai gama nuna kansa ba. Ina jin a lokacin shi ma ya gani, amma ba shi da wata igiyar da zai kama.

Ruwa bai gama ja da baya ba aka buɗe gada. Kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya zo, aka yi kiɗa, aka yi jawabi. Ba a fi mako ba da buɗewa ayarin farko na masu gishiri ya iso daga Bana. Mun gyara jirgi, mun toshe kowace kafa da tsumma da man kaɗanya, mun shimfiɗa kara a ciki don kada danshi ya taɓa kaya, Inna ta dama fura tun da hantsi. Muna tsaye a mashigi muka hango su, jaki bayan jaki. Da suka kawo mararraba suka ɗan tsaya, sannan na gaba ya karkata ya hau gada, sauran suka bi. Muna ƙasa muna jin kofaton jakuna a kanmu. Shugabansu, Malam Gado, tsoho sa'an Baba, shi kaɗai ya gangaro, ya tsaya nesa kaɗan yana wasa da sandarsa.

"Hamidu, ka yi haƙuri. Can babu biya, babu jiƙa. Yaran ga ba su jin magana ta."

"Allah shi ba da kasuwa," in ji Baba. "Ku biyo ku sha fura, an dama."

Ba su biyo ba. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne mai gishiri gadar zan hau. Furar nan mu muka shanye ta, kwana biyu muna sha har ta yi tsami.

Baba ya aika Yawuri a kira Alhaji Tanko. Amsar da ta dawo ita ce ya gode, ya samu. Ko bai samu ba, a lokacin duk mashigin ya zama kasuwar jirage, kowa na neman mai saye, wanda ya zo kuma tayin itacen wuta yake yi. Namu ya fi kowanne girma, don haka ya fi kowanne wuyar saye: masu su ba sa bukatarsa, masu dako sun koma mota. Jirgi kuwa in ya zauna a ruwa ba aiki ruɓewa yake, in an jawo shi tudu rana ta tsage shi. Muka jawo shi muka kife a ƙarƙashin wani gawo, muna zuba masa ruwa safe da yamma, har muka gaji muka bari.

Da damina ta kama Mushe Anani ya dawo zaurenmu. Da ma ya ce an ba wani wurin, da na sami abin zargi. A'a, ya yi ƙoƙarinsa, an ajiye mini wurin, rabin bursin ma yana nan. Sai tafiya kawai. Ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Abin da muka tara kafin buɗe gada an ci rabi, sauran bai kai ni ko Kwatano ba, balle ya shigar da Sumana tarayyar mota. Inna ta fito da tasoshinta da zannuwan aurenta ta zube a gaban Mushe, ya dube su ya cire tabarau yana gogewa. Wannan shi ne baƙin cikin da ya fi kowanne a rayuwata. Na rasa 'ya'ya biyu daga baya, na rasa uwarku, amma waɗannan Allah ya ba da Allah ya karɓa. Wancan kuwa ƙofa ce a buɗe ina kallonta.

Sumana ya zama karen mota, daga baya direba, ya mutu yana tuƙa motar wani. Ni na zama akawun wani mai sufuri, ina rubuta kaya a bakin gadar nan har na tsufa. Amma kafin in sami aikin, magana ta fara yawo a gari. Waɗanda Baba ya cika wa kunne da Likita suka fara tambaya ina Dakar ɗin. Aka ce ai ƙarya ce tun farko, jarrabawa na faɗi. Wasu suka ce koro ni aka yi daga Yamai. Na je neman aiki wuri biyu aka ce in dawo, na ji ana dariya bayan na fita. Ran wata Juma'a bayan an sauko, mutane na zaune a ƙofar masallaci, wani ya yi tambayar a gaban Baba da gangan. Baba ya miƙe tsaye.

"Yaron ga ya ci, ku tambayi Mushe. Ni na hana shi. Ɗana ba ya zuwa ƙasar da ba a san ubanshi ba shi koyo yankan gawa. Wanda ke da magana shi zo gare ni."

Kafin magariba gari ya ɗauka. Wasu suka yaba, mafi yawa suka ce taurin kai da jahilci, ya kashe wa yaro gaba. Mushe bai ƙaryata shi ba, ban sani ba ko sun yi magana da Baba. Da safe na iske Baba zaune a kan kifaffen jirgi, na ce masa don me ya faɗi abin da bai faru ba.

"In anka ce ka faɗi, ba mai ba ka aiki, ba mai ba ka mata. In anka ce ubanka ya hana, tausayinka za a ji. Ni mi ya rage mani da za a ɓata? Kada ka gyara, ko bayan raina."

Cikin watan aka ɗauke ni aiki. Mai sufurin ya ce mini da bakinsa tausayina ya ji, da uba irin nawa. Na ce masa na gode.

Daga ranar da masu gishiri suka hau gada Baba bai sake kira na Likita ba. Garba yake cewa, a hankali, kamar mai neman alfarma. Bai kuma taɓa taka gadar ba. Bai daɗe sosai ba bayan haka, da sanyin wani rani zazzaɓi ya kama shi, ƙirjinsa ya cushe, numfashi na fita da ƙyar. Likitan da ke zagayo garinmu yana Dosso, ba a san ranar zuwansa ba. Ina zaune kusa da shi da hantsi, ya daɗe bai gane kowa ba, sai ya buɗe ido ya kama hannuna da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba.

"Likita," ya ce, "ruwan ya zo?"

Na ce ya zo, Baba. Ya ci gaba da kallona yana jira, irin kallon da mara lafiya ke yi wa mai magani. Ba ni da abin ba shi sai ruwa a moɗa, shi na ɗaga kansa na ba shi.